Jagorar Yawon Buɗe Ido da Mota: Daga Sakkwato Zuwa Dogon Daji da Bakin Gulbin Zamfara

Da zarar an kawar da amfanin gona, iskar hunturu ta fara kaɗawa, sai a fara ganin samari daga Sakkwato da Birnin Kebbi, da ɗaliban da suka samu hutu, sun haɗa kuɗin mai sun cika mota sun nufo kudancin jihar Sakkwato. Suna son su ga tafki da gulbi, su ci gasasshen kifi, su kwana a waje ko da dare ɗaya ne. Ina jin daɗin ganin haka ƙwarai, domin yaron da ya san Abuja bai san Romo ko Kuchi ba, bai gama sanin jiharsa ba. Ni mutumin ƙasar Dogon Daji ne, na daɗe ina tuƙi a wannan hanya, kuma ina yawan raka baƙi bakin ruwa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne kurakuran da nake gani ba sa canzawa: a taso da rana tsaka, a iso da magariba, babu wanda ya san da zuwan baƙin, a ratsa gonar albasa da mota, a kafa tanti ba sallama, sannan wani ya tuɓe ya faɗa ruwan da bai san zurfinsa ba.

Duk waɗannan tushensu ɗaya ne. Ɗan birni yana ɗaukar bakin gulbi a matsayin fili marar mai shi. Ba haka ba ne. Kowane taƙi na fadama gonar wani ce, kowace mashaya tana da garken da ke zuwa mata, kowane gurbin ruwa yana da masuntan da ke lura da shi da Sarkin Ruwan da ke faɗin ranar da za a shiga. Wanda ya tafi a matsayin baƙo, da mai masauki da izini, tafiyarsa za ta yi daɗi. Matakan da ke ƙasa duk a kan wannan aka gina su.

Abubuwan da ake buƙata

Na mota: safaya mai iska, jak da sifanar kwance taya waɗanda kuka gwada da hannunku, famfon taya, igiyar ja mai ƙarfi, shebur, gajerun katakai biyu, galan ɗin ruwan lagireto, baƙin mai lita ɗaya, fanbel na ajiya, wayar tayar da batir, abin kashe gobara da alamar tsayawa mai kusurwa uku. Takardun mota, inshora da lasisin direba su kasance ba su ƙare ba.

Na kwana: tabarma, bargo mai kauri, gidan sauro mai magani ga kowane mutum, tocila ga kowane mutum, takalmi rufaffe, rigar sanyi da hula. Tanti ba dole ba ne. Sau da yawa rumfar da masunta za su ba ku ta fi shi iska da aminci.

Na ci da sha: ruwan sha aƙalla lita huɗu ga mutum ɗaya a yini, tukunya, butar shayi, ashana, shinkafa, mai, gishiri, yaji, garin rogo da ƙuliƙuli don datu, dabino, da buhun da za ku zuba shararku.

Na lafiya: bandeji, auduga, maganin wanke ciwo, farasitamol, ƙunshin gishiri da sukari na gudawa, man shafawa mai korar sauro, da rigar kariya ta ruwa ga duk wanda zai shiga jirgi.

Sai katin shaida a aljihun kowa, tsabar kuɗi ƙanana, layin waya na kamfanoni biyu daban, abin cajin waya, da tsarabar gaisuwa: goro, sukari, sabulu, ganyen shayi.

Mataki na 1: Ku samu mai masauki kafin ku sa rana

Da ɗan gari akan ci gari. Kafin ku yi maganar mota ko kuɗi, ku nemo mutum ɗaya ɗan Dogon Daji, Tambuwal ko Kebbe wanda yake zaune a can yanzu, ba wanda ya bar gida shekara goma ba. Abokin karatu, malamin makaranta, ma'aikacin asibiti, ɗan kasuwar albasa, duk suna yi, muddin mutanen garin sun san shi da mutunci. Shi zai sanar da mai gari, shi zai nemo muku masuncin da za ku sauka wurinsa, kuma shi zai ba ku labarin hanya.

Labarin hanya shi ne babban dalili. Ƙaramar hukumar Kebbe tana iyaka da jihar Zamfara ta wajen Gummi, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa 'yan bindiga sun sha kai hari ƙauyukan wannan yanki a 'yan shekarun nan. Hanyar da take lafiya wannan mako tana iya lalacewa mako mai zuwa. Taswirar Google ba ta san wannan ba, jarida kuma sai abin ya faru take bugawa. Ɗan kabu-kabun da ya bi hanyar da safe shi ya sani, kuma mai masaukinku ne zai iya tambayarsa ya samu gaskiya. Ku kira shi mako ɗaya kafin tafiya, ku sake kira daren tafiya, ku sake kira da asuba kafin ku tayar da mota. Idan ya ce kada ku wuce Tambuwal, to kada ku wuce. Idan ya ce ku ɗage, ku ɗage, ko da an riga an sayi kaji. Ban yarda a yi gardama da ɗan gari a kan wannan ba.

Akwai haɗari na biyu da samari ba sa tunawa. A ƙauyen da aka taɓa kai wa hari, baƙuwar mota cike da samarin da ba a sani ba, suna ɗaukar hoto suna tambayar hanyar daji, abin tsoro ce. Ana iya ɗaukarku masu leƙen asirin ɓarayi, kuma taron da ya firgita ba ya tsayawa sauraron bayani. Mutum ɗaya da zai fito ya ce "baƙina ne" shi ke kashe wannan wutar tun ba ta kama ba. Wannan tsari ma ba sabo ba ne a ƙasar nan. Bajamushen nan Heinrich Barth da ya bi ta wannan yanki daga Sakkwato zuwa Gwandu a 1853, sai da ya karɓi takardar izini daga Sarkin Musulmi Aliyu Babba kafin ya kama hanya.

Mataki na 2: Ku zaɓi lokaci

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin wannan tafiya. Ruwa ya ja baya, hanyoyin fadama sun fara bushewa, noman rani ya kankama, sauro ya ragu, kifi kuma ya taru a gurabe. A watan Agusta da Satumba Gulbin Zamfara yana cika ya malala cikin fadama, ruwan da aka yi a can gabas yana iya isowa da dare ko da ba a ga hadari a nan ba. Daga Maris zuwa Mayu kuwa zafi yana haura digiri 40, mota tana tafasa, mutum yana galabaita.

Hunturu ma yana da nasa. Sanyin asuba a bakin ruwa ya fi na cikin gari nesa ba kusa ba, kuma ranar da hazo ya sauka ba a hangen nesa a kan titi. Ku tambayi ranakun kasuwar garuruwan da za ku ratsa. Ranar kasuwa ta fi daɗin kallo da sayayya, amma titi yana cushewa da amalanke, raƙuma, babura da motocin dabbobi, don haka ku ƙara lokaci a lissafinku.

Mataki na 3: Ku naɗa shugaba da ma'aji

Sunna ce matafiya su naɗa ɗayansu shugaba, kuma hikimarta tana fitowa ranar da ra'ayi ya rabu: wasu na son a ƙara gaba, rana kuma ta yi ƙasa. Maganar shugaba ita ce ta ƙarshe a kan lokacin tashi da wurin kwana. Ma'aji ya riƙe kuɗin taro, ya ware kashi ɗaya cikin uku da ba za a taɓa ba sai mota ta lalace ko wani ya kwanta ciwo. Ku cire tsabar kuɗi tun daga Sakkwato ko Tambuwal, domin masu POS na ƙauye suna dogara da sabis, shi kuwa yana ɗaukewa. Mutum huɗu sun isa ƙaramar mota idan da kaya, kuma biyu daga ciki su iya tuƙi. Mota biyu ta fi ɗaya, saboda idan ɗaya ta kafe ɗayar za ta ja ta. Ku bar wa wani babba a gida sunayenku, lambar mota, lambar mai masauki da ranar dawowa.

Mataki na 4: Ku kai mota wurin bakanike kwana biyu kafin tafiya

Kwana biyu, ba safiyar tafiya ba, domin gyaran da aka yi yana bukatar a zagaya da motar a ga ko ya zauna. A duba birki, taya, lagireto, fanbel, batir da fitilu. A buɗe matatar iska a kakkaɓe, ƙurar hunturu tana toshe ta. Ku cika tanki a gidan mai na gari, ku sake cikawa a Tambuwal kafin ku sauka daga kwalta. Man kwalba na bakin hanya wani lokaci da ruwa ko datti a ciki, kuma a tsakiyar fadama ne zai nuna halinsa.

Mataki na 5: Babbar hanya da wuraren tsayawa

Daga Sakkwato zuwa Tambuwal kimanin kilomita 100 ne a kan babbar hanyar da ta wuce Jega ta nufi Kontagora. Ku tashi bayan sallar asuba da gari ya yi haske. Dokata ita ce duk inda za a kwana a isa kafin la'asar, saboda gaisuwa da neman izini da duba wurin zango duk suna bukatar hasken rana. Tafiyar dare babu ita a wannan jagora.

Hanyar ta manyan motoci ce: tireloli masu siminti, tankokin mai, motocin shanu da na albasa masu tafiya kudu. Ƙa'idar Hukumar Kiyaye Haɗurra ga ƙaramar mota ita ce kilomita 80 a awa a irin wannan hanya, 50 a cikin gari. Kada ku wuce tirela a kwana ko a inda ba ku hangen gaba. A shingen jami'an tsaro ku rage gudu tun daga nesa, ku sauke gilashi, ku kashe kiɗa, direba kaɗai ya yi magana, kowa ya ajiye waya. Ku faɗi garin da za ku da sunan wanda za ku wurinsa. Lambar gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ita ce 122.

Kada ku mayar da garuruwan hanya wurin sayen ruwan leda kawai. Wannan hanya ta ratsa tsakiyar tarihin Daular Usmaniyya. A Sifawa, kusa da Boɗinga, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815. Gaba kaɗan ga Yabo, garin Sarkin Kabin Yabo. Sai Shagari, mahaifar Alhaji Shehu Shagari, shugaban ƙasa daga 1979 zuwa 1983, inda aka binne shi bayan rasuwarsa a Disamban 2018. Dogon Daji kuwa garin Sarkin Yamma ne, a nan aka haifi Sarkin Musulmi na 18, Ibrahim Dasuki, a 1923, daga zuriyar Muhammadu Buhari ɗan Shehu, wanda gidansa ke riƙe da Tambuwal. Ku tsaya ku sha fura, ku yi salla a masallacin gari, ku zauna da dattawan da ke ƙofar fada idan sun ba ku fuska. Abin da za su ba ku na tarihin garinsu a rabin awa ba ya cikin littafin makaranta.

Shawarata ita ce daren farko ku kwana cikin gari, a Dogon Daji ko Tambuwal, wurin mai masaukinku. Kashegari da safe ku nufi Tafkin Romo a ƙasar Tambuwal, ko bakin Gulbin Zamfara ta wajen Kebbe da Kuchi idan an tabbatar muku hanya lafiya. Idan ba a tabbatar ba, ku miƙe kan kwalta zuwa Aliero, garin albasa da masu ɗori, ku isa Jega, inda gulbin nan dai yake wucewa a gefen gari. Ruwan ɗaya ne, kifin ɗaya ne.

Game da salla: a mazhabar Malikiyya ana yin ƙasaru idan tafiya ta kai mil 48, wato wajen kilomita 80, muddin ba a yi niyyar zaman kwana huɗu a wuri ɗaya ba. Wanda ya taso daga Sakkwato zuwa Tambuwal ya cika wannan nisa. Idan kuka bi limamin gari sai ku cika tare da shi.

Mataki na 6: Sauka daga kwalta

A nan ake lalata mota, a nan kuma ake ɓata wa manoma rai. Ku ɗauki ɗan gari a gaban mota, ko ku biya ɗan kabu-kabu ya shige gaba ku bi shi. Ku bi sawun da motoci suka riga suka bi. Ƙasar fadama tana yaudara: sama ta bushe ta tsattsage, ƙasa kuwa taɓo ne. Duk inda kuka yi shakka, mutum ya sauka ya taka da ƙafa ya soka sanda. A cikin yashi ku rage iskar taya kaɗan, ku sa giya ta biyu, ku tafi bai ɗaya ba tare da tsayawa ba, sannan ku mayar da iskar da kun fita. Idan mota ta kafe, direba ya ɗaga ƙafa daga totur nan take, domin juyin taya rami yake ƙara haƙawa. A share gaban tayoyin da shebur, a ɗaga da jak a kan katako, a cusa kara ko itace a ƙarƙashi, sannan a tura.

Kada ku taka kwamin albasa, bututun ban ruwa ko hanyar ruwan da manomi ya gyara, ko da zagayen zai ƙara muku tafiya. Kwami ɗaya da taya ta murƙushe aikin makonni ne. Idan hanyar mota ta ƙare, ku bar motar a ƙofar gidan mai gari ku ƙarasa da ƙafa. Nan ta fi tsaro a kan bakin ruwa.

Mataki na 7: Gaisuwa da neman izini

Wannan mataki shi ne tafiyar. Mai masaukinku zai kai ku wurin hakimi ko mai gari. Ku cire takalmi, ku durƙusa, shugabanku kaɗai ya yi magana bayan an gama gaisuwa, kuma kada a gaggauta gaisuwar. Abin da za a faɗa gajere ne: "Ranka shi daɗe, mu baƙin wane ne, daga Sakkwato muka zo. Muna son mu ga ruwa, mu yini wurin masunta, in an yarda muna mu kwana." Ku faɗi yawanku, ku nuna katin shaida tun ba a tambaya ba, ku miƙa goro ta hannun mai masauki. Daga nan za a haɗa ku da Sarkin Ruwa ko babban masuntan wurin, a kuma sanar da 'yan sintirin gari cewa akwai baƙi a bakin ruwa. Wannan sanarwa ta ƙarshe kada ku bari a manta da ita. Masu sintirin da suka hango wuta da tocila a inda ba a saba gani ba, ba za su zo da fara'a ba.

Ku tambayi Sarkin Ruwa abu uku: ina ne aka hana kamun kifi, ina ne mata ke wanka da wanki, ina ne mashayar shanu. Masuntan ƙasar Kabi, Sarkawa, suna da tsohuwar al'adar rufe wani gurbi a hana su a cikinsa har kifi ya girma, sai ranar da aka sa a buɗe shi kowa ya shiga da homa da gora. A kan wannan al'ada bikin kamun kifi na Argungu ya tsaya, wanda aka fara a 1934, Hukumar UNESCO kuma ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016. Baƙon da ya jefa ƙugiya a rufaffen gurbi ya taɓa abincin gari guda.

Kada ku zo da bindigar farauta, kada ku sa tufafi masu kama da kakin soja, kada ku rufe fuska da rawani, kada ku tayar da jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi. Hoton mutum sai da izininsa, na mata da 'yan mata kuwa ku bar shi gaba ɗaya. Hotunan da kuka ɗauka ku riƙe su sai kun koma gida kafin ku sa a Facebook ko TikTok. Sanar da duniya inda kuke kwana a daren da kuke can ganganci ne, ga ku ga kuma mutanen da suka sauke ku.

Idan an ce ku yini amma ku dawo cikin gari ku kwana, ku karɓa da godiya. A halin da ake ciki yanzu, sau da yawa ni ma abin da nake zaɓa wa baƙina ke nan.

Mataki na 8: Wurin zango

Idan an yarda ku kwana, ku kwana a tungar masunta ko dab da ita, inda za a ji kiranku. Keɓewa can nesa don neman shiru ba dabara ba ce. Ku duba jikin itatuwa da gaɓar gulbi, za ku ga alamar inda ruwa ya kai da damina, da ciyawar da ya rataye. Ku hau sama da wannan alama, a kan tudu mai yashi. Ku nisanci gaɓar da ruwa ya ci ƙarƙashinta, tana iya zaftarewa. Ku nisanci burtali da mashaya, domin garke yana saukowa tun da sassafe kuma ba ya kauce wa tabarma. Ku nisanci duhuwar ciyawa, tarin kara, suri da ramuka, nan macizai da kunamu suke. Ku share wurin tas tun da rana, ku ɗaura gidan sauro kafin magariba, ku cusa gefensa ƙarƙashin tabarma. Makewayi ya zama nesa da ruwa, a haƙa rami a rufe, domin ruwan nan shi mutanen ƙasa da ku suke sha.

Mataki na 9: Ruwa

Jihar nan ta sha makoki a kan ruwa. A watan Afrilun 2022 jirgi ya kife a ƙaramar hukumar Shagari, mutum 29 suka rasu, akasarinsu yara da matasa. Abin da ke kifar da jirgi sananne ne: lodi fiye da kima, tsohon jirgi mai yoyo, iska, tafiyar dare, da fasinjan da ya miƙe tsaye. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa ta hana tafiyar dare da shiga jirgi babu rigar kariya, amma a ƙauye babu jami'in da zai tsare ku, ku ne za ku tsare kanku. Ku shiga jirgin da Sarkin Ruwa ya nuna muku. Mai jirgi ya faɗi adadin da zai ɗauka, ku kuma ku rage ɗaya. A shiga ɗaya bayan ɗaya, a zauna a tsakiya, ba a musayar wuri, ba a miƙewa don hoto. Wanda ya ce ya iya ruwa shi ma ya sa rigar, domin iyo a kwamin wanka na otal daban yake da gulbi mai ja, mai ciyawa a ƙasa da tsofaffin taru da mamari masu kama ƙafa.

Idan wani ya faɗa, kada wanda bai ƙware ba ya bi shi. A miƙa masa gora, sanda ko igiya, a ƙwalla wa masunta kira. Mai nutsewa yana riƙe duk wanda ya iso gare shi, sai a rasa biyu.

Wanka a tafki ko a kwantaccen ruwa kuma, ra'ayina ku haƙura. Tsargiya tana nan a ruwayen ƙasar nan. Ƙwayar cutar tana fitowa daga ƙananan katantanwa, ta huda fatar mai wanka ba tare da ya ji ba, sai bayan makonni a ga jini a fitsari. Ku ɗebi ruwan rijiya ko na famfon gari ku yi wanka da alwala. Na sha kuma, idan naku ya ƙare, a tace a tafasa shi ya yi minti ɗaya yana tafasa sosai.

Kifi ku saya a hannun masu shi, ku biya farashin da aka faɗa ba tare da dogon ciniki ba. Da safe ake samun mai kyau, lokacin da ake duba taru: tarwaɗa, karfasa, ragon ruwa, balli, wani lokaci giwan ruwa. Ku duba ido ya zama garau, jiki da tauri. Ku bar masuncin ya cire muku ƙayar kurungu da tarwaɗa, sukarta tana da zafi kuma tana kumbura. A gasa ya nuna har ciki.

Mataki na 10: Dare

Ku hura wuta ƙarama a cikin rami, a wurin da aka share, ta inda iska ba za ta kai tartsatsi ga kara, rumfa ko rumbun albasa ba. Da hunturu ciyawa ta bushe ƙamas, tartsatsi ɗaya yana cinye abincin dabbobin gari. Kafin barci a kashe ta da ruwa, a rufe da ƙasa. Kada sanyi ya sa ku shigar da garwashi cikin tanti, ko ku kwana a mota gilashi rufe inji yana aiki. Hayaƙin da ke kisa a irin wannan hali ba shi da wari, mutum yana barci yake wucewa.

Ku rage fitila da kiɗa bayan isha'i. Mutanen tunga da asuba suke fita aiki, kuma haske mai yawa yana nuna wurinku daga nesa. Ba mai fita ko'ina ba tocila da takalmi, ba mai tafiya shi kaɗai. Da safe a kakkaɓe takalmi da bargo kafin a taɓa.

Idan maciji ya sari wani, a kwantar da shi, a cire zobe da agogo, a ɗaure gaɓar da sanda kamar karaya don kada ta motsa, a ɗauke shi zuwa mota ba tare da ya taka ba. Ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure jijiya tamau da igiya. A nufi babban asibitin Tambuwal ko mafi kusa, idan babu allurar dafi a wuce Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Dafin kububuwa yana hana jini daskarewa, mutum yana iya zama kamar lafiya lau na sa'o'i kafin jini ya fara fita ta dasashi, don haka kada a jira a ga alama. Mai gudawa kuma a ba shi ruwan gishiri da sukari. Idan ƙunshin ya ƙare, a haɗa lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Mataki na 11: Tashi da komawa

Ku kwashe ledoji, gwangwani da kwalabe a buhu ku tafi da su gari. Leda tana kashe akuya da saniya idan suka haɗiye ta. Ku sallami mai jirgi da ɗan rakiya da abin da ya dace, ku bar wa masu tunga ragowar sukari, shinkafa da mai, ku koma ku yi wa mai gari bankwana. Yadda kuka bar wurin shi zai sa a karɓi waɗanda za su zo bayanku ko a kore su. Mai sauran lokaci yana iya zagayawa ta Jega, Birnin Kebbi da Argungu ya ga Gidan Tarihi na Kanta, ya koma Sakkwato ta can, amma dokar isa kafin la'asar tana nan. Da kun isa gida ku kira mai masaukinku, yana can yana jira.

Zazzaɓin cizon sauro yakan bayyana daga kwana bakwai zuwa sama bayan cizon, tsargiya kuma tana ɗaukar makonni. Duk wanda ya ji zazzaɓi ko ya ga jini a fitsari bayan dawowa, ya je asibiti a yi gwaji, kuma ya gaya wa likita cewa ya kwana a bakin gulbi.